Lincoln a Hannun Griffith: Fim ɗin 1930 da Abin da Ya Kauce wa

A shekarar 1930, shekara uku bayan The Jazz Singer ya buɗe babin fim mai magana, D. W. Griffith ya fitar da Abraham Lincoln ta hannun kamfanin United Artists. Shi ne fim ɗinsa na farko mai sauti. Walter Huston ya fito a matsayin Lincoln, Una Merkel a matsayin masoyiyarsa Ann Rutledge, marubucin waƙoƙin nan Stephen Vincent Benét kuma yana cikin waɗanda suka tsara labarin. Masu nazari sukan tsaya a kan raunin fasahar fim ɗin. Wannan maƙala tana ganin babban aibinsa yana wani wurin: ya ɗauki shugaban Amurka da ya ja ragamar yaƙin da ya kashe bauta, ya mayar da shi mai sasanta fararen Arewa da fararen Kudu kawai.

Raunin fasahar a fili yake. A farkon zamanin sauti, makirufo ya ɗaure ƙafar kyamara, Griffith kuwa gwanintarsa tana cikin yankan hoto da saurin motsi. Shi ya sa labarin yake tafiya gutsure-gutsure: bukkar katako a Kentucky, mutuwar Ann, auren Mary Todd, muhawara da Stephen Douglas, sannan Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865. Sai a sukuwar Janar Sheridan na rundunar Arewa ne ake ganin tsohon Griffith ya farfaɗo.

Amma a duba abin da ya yi da muryar da sauti ya ba shi. Lincoln na Huston yana ta nanata magana ɗaya, cewa tilas a kare haɗin kan ƙasa. Ana ganinsa yana yafe wa wani matashin soja da aka yanke wa hukuncin kisa, ana ganin Janar Lee, a can ɓangaren Kudu, yana hana a kashe wanda ake tuhuma da leƙen asiri. An jera tausayin biyu kafaɗa da kafaɗa don mai kallo ya ɗauka kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. A gidan wasan Ford, daren 14 ga Afrilu 1865 da aka harbe shi, fim ɗin ya sa Lincoln ya miƙe ya yi jawabin da aka harhaɗa daga jawabin Gettysburg da na rantsuwarsa ta biyu, alhali bai yi wannan jawabi a daren ba.

Ina bayi kusan miliyan 4 da ƙidayar 1860 ta nuna? Ina baƙaƙen sojoji kimanin 180,000 da suka yi wa Arewa yaƙi? Mai kare Griffith zai ce fim ɗin ya buɗe da jirgin bayi, ya kuma nuna sa hannu a kan shelar 'yanta su. Haka ne, sai dai an wuce su da sauri, kuma babu wani baƙar fata da aka ba matsayi mai nauyi ko ra'ayi nasa na kansa.

Wannan ba mantuwa ba ce. Griffith ɗan Kentucky ne, mahaifinsa kanar ne a rundunar Kudu, kuma shi ya shirya The Birth of a Nation a 1915, inda ya ɗaukaka ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan, ya kuma nuna Lincoln a matsayin aminin Kudu da ajali ya katse wa hanzari. Lincoln ɗin nan ne ya dawo a 1930, an dai ƙara masa murya.

Don haka darajar fim ɗin ga mai bincike ba ta cikin abin da ya faɗa game da 1865. Shaida ce ta yadda fararen Amurka na 1930, a zamanin dokokin wariya, suka so a tuna da yaƙin, kuma a kan haka ya kamata a koyar da shi.