'Yan Kwana-Kwana: Daga Ikko Zuwa Suleja

Shekara sama da 120 ke nan da fara aikin kashe gobara na hukuma a Najeriya, kuma ya kamata mu mutanen Suleja mu san mafarinsa. A Ikko aka kafa shi a 1901, a matsayin wani reshe na 'yan sandan birnin. Ita kuwa wannan runduna tushenta na komawa ga dakarun Hausawa da Bature John Glover ya tara a 1863. Ke nan a gidan da kakanninmu suka aza wa harsashi aka haifi wannan aiki.

Ɗan kwana-kwana na wancan zamani ɗan sanda ne da aka ɗora wa ƙarin nauyi. A bariki yake zaune da iyalinsa. Da an buga ƙararrawa, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye, ya sa hula ya fita a guje, matarsa na raka shi da addu'a. Kayan aikinsa bokiti ne da tsani da gatari da famfon hannu. Gidajen jinka na manne da juna, saboda haka sau da yawa sai ya haye rufi ya yaye jinkar maƙwabta don wuta ta rasa abin ci. Ba shi da rigar da ke kare zafi, ba shi da abin shaƙar iska, sai ƙarfin zuciya. Waɗannan bayin Allah su ne iyayen aikin, Allah ya saka musu da alheri.

A 1963 aka yi dokar da ta raba aikin da 'yan sanda, ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya. Ma'aikatan suka samu kakinsu da horonsu da shugabanninsu, aikin ya tsaya da ƙafarsa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, ita ma ta samu tata hukumar mai hedkwata a Minna. A wannan shekara ce aka zaɓi wurin sabon babban birnin ƙasa, daga baya garinmu ya bar masa sunan Abuja ya koma Suleja. Jama'a suka yi ta kwararowa, gari ya cika ya batse. An yi shekarun ƙarancin motoci da ruwa, amma wannan halin da ƙasa ta shiga ne, ma'aikatan kuwa ba su taɓa daina amsa kira ba.

Yau bukatarsu ta fi ta kowane lokaci. Ga ma'ajiyar mai a Maje, ga tankoki jere a kan hanyar Kaduna, ga kasuwannin Suleja da Madalla da wayoyin lantarki a harɗe. Ba mu manta da ranar 18 ga Janairu, 2025 ba, da tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, mutum fiye da 80 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Muna roƙon gwamnati ta ƙara musu motoci, ta haƙa rijiyoyin burtsatse a kasuwanni, ta kula da iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Mu kuma jama'a, in mun ji jiniya mu ba su hanya, mu daina jifansu in sun makara, kuma in tanka ta faɗi mu nisance ta.