Daga Tasawa zuwa Pari: zaman ɗaliban Nijar a jami'o'in ƙetare, 1946 zuwa 1973

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma tun kafin zuwan Nasara almajiran ƙasar nan suke ɗaukar allo da buzu su yi gabas. A ƙarni na 13 sarakunan Kanem sun gina wa mutanensu masauki da makaranta a birnin Alƙahira. Amma tafiyar da ta soma bayan yaƙin duniya na biyu iri dabam ce. Mai mulkin mallaka ne yake zaɓen yaron, shi ne yake biyan kuɗin jirgi da na abinci, kuma da harshensa ake karatun. Daga cikin wannan zama na baƙunci aka haifi tunanin da ya kai ga kafa jami'a a Yamai.

Kafin 1946, iyakar abin da ɗan lakkwal na Nijar yake iya hange shi ne makarantar Wiliyam Ponti ta ƙasar Senegal, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a mayar da ita Sebikotan gab da yaƙin. Can ake horar da malaman makaranta, da akawuna, da masu shirin shiga aikin likita, domin dukkan yankunan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Bubu Hama ya fito daga cikinta a 1929, ya zama mushe na farko ɗan Nijar mai takardarta. Jori Hamani da Jibo Bakari su ma can suka yi karatu. Sai dai takardar Ponti ba ta buɗe ƙofar jami'o'in Faransa. An tsara ta ne don samar da mataimaka, waɗanda za su tsaya tsakanin kumandan da talakawa.

A 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Lamin Gay ta ba mazauna yankunan mallaka matsayin ƴan ƙasa, sannu a hankali kuma aka soma ba da kuɗin tallafin karatu zuwa Faransa. A 1950 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Dakar, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1957. Nijar ta shiga wannan zamani tana baya ƙwarai, domin har ranar samun mulkin kai, 3 ga watan Agusta 1960, yaran da ke lakkwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Saboda haka duk ɗalibin da ya kai jami'a, gari guda ne yake sa masa ido.

Rayuwar Abdu Mumuni ta isa misali. An haife shi a Tasawa a 1929, ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, ya wuce Ponti, ya samu takardar bakaloreya a Dakar, sannan ya isa Pari a ƙarshen shekarun 1940. Hanyar kanta makaranta ce. Ɗalibin wancan lokaci yakan bar gida cikin babbar mota, wani ya bi ta Bamako ya hau jirgin ƙasa zuwa Dakar, wani ya gangara Kwatano, daga nan jirgin ruwa ya kwashe kwanaki da shi kafin ya sauka Marsai ko Bordo. Yawanci ana isa ne cikin watan Oktoba, lokacin da a gida ake yankan hatsi, a can kuwa sanyi ke shigowa. Yaron da bai san wani sanyi ba sai na hunturu yakan tarar da rana tana faɗuwa tun kafin la'asar ta yi sakaliya, da ɗaki wanda ba a iya kwana cikinsa sai an hura wuta.

Matsala ta farko ita ce wurin kwana. Masu gidaje da yawa ba sa son ba baƙar fata haya, kuma kuɗin tallafi yakan makara. A 1951 aka buɗe gidan ɗaliban yankunan ƙetare a cikin babbar unguwar ɗalibai da ke kudancin Pari, amma bai ishi kowa ba. Sauran sukan raba ƙananan ɗakunan otal, ko ɗakunan barori da ke ƙarƙashin rufin benaye. Abinci kuwa sai a gidan cin abinci na jami'a, da tikiti, inda ɗalibi Musulmi yake tambaya kafin ya ci nama, kuma yake yin azumi shi kaɗai ba tare da jin kiran salla ba. Tarin fuka ya kwantar da ɗalibai da dama a wancan zamani, har Faransa tana da asibiti na musamman domin ɗalibai masu wannan ciwo a cikin duwatsun Alp. Wasiƙa daga gida takan yi makonni a hanya, sau da yawa kuma wani ɗan lakkwal ne ya rubuta ta da Faransanci a madadin uwa ko uba. Ta haka har gaisuwar mahaifiya sai ta bi ta harshen Nasara kafin ta iso wurin ɗanta.

Wannan ƙunci ne ya tara ɗaliban wuri guda. Bayan taron Liyon na watan Afrilu 1950 da na Bordo a ƙarshen watan Disamba na wannan shekara, aka kafa tarayyar ɗaliban Baƙar Afirka a Faransa, wadda aka sani da FEANF. Shugabarta ta farko mace ce, Solanj Falade, ɗalibar likita ƴar Dahomai, Abdu Mumuni kuma yana cikin waɗanda suka aza harsashinta. Bukatun farko na tarayyar na ciki da na jiki ne: a biya tallafi kan lokaci, a ƙara ɗakuna, a ba da kuɗin jirgi na zuwa hutu gida. Amma wanda ya tambayi dalilin makarar kuɗinsa, ba ya daɗewa sai ya tambayi wane ne ke riƙe da baitulmalin ƙasarsa. A 1953 mujallar Présence Africaine, wadda Aliyun Jop ya kafa a 1947, ta fitar da fitowa ta musamman inda ɗalibai baƙar fata suka yi magana da bakinsu, a ciki har Majmut Jop ya nemi cikakken ƴanci. Jaridar tarayyar, wadda ta soma fita a 1954, ta sha kamun hukuma, kuma ɗalibi ya san cewa bakinsa na iya jawo a yanke masa tallafi.

A ɗakunan Pari ne ɗan Tasawa ya zauna da ɗan Wagadugu da ɗan Konakiri da ɗan Duwala, suka gane cewa sanda ɗaya ce ta doke su a lakkwal. Dukkansu sun san alamar nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa a filin makaranta. Dukkansu sun haddace kogunan Faransa kafin su san inda kogin Kwara ya faro. A 1954 Shek Anta Jop ya buga littafinsa Nations nègres et culture, inda ya juya wasu bayanan kimiyyar zamani zuwa harshen Wolof don ya nuna cewa harsunan Afirka suna iya ɗaukar kowane irin ilimi. A watan Satumba 1956 marubuta da masu fasaha baƙar fata na duniya suka yi babban taronsu na farko a jami'ar Sorbon. A wannan shekara Abdu Mumuni ya ci gasar agiregasiyon, mafi wuyar jarrabawar malanta a Faransa, a fannin kimiyyar fiziks, shi ne kuma ɗan Baƙar Afirka na farko da ya yi haka. Jozef Ki-Zarbo na ƙasar Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, ya ci tasa a fannin tarihi a shekarar.

Gwajin gaskiya ya zo ranar 28 ga watan Satumba 1958, lokacin ƙuri'ar raba gardama ta Janar Digol. FEANF ta yi kira da a ce a'a. A Nijar jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta yi wannan kira, amma i ta rinjaya. Ƙasar Gine kaɗai ta ce a'a, Faransa kuwa ta kwashe ma'aikatanta da malamanta cikin fushi. Sai wasu matasa masu manyan takardu suka bar albashinsu da matsayinsu suka tafi Konakiri don kada makarantu su rufe. Abdu Mumuni da Ki-Zarbo suna cikinsu. Wannan shawara ta nuna yadda suka fahimci karatunsu: bashi ne da talakawa suka biya da haraji, kuma wajibi ne a mayar musu da shi.

Bayan 1960 hanyoyi suka yawaita. Mosko ta buɗe jami'ar zumuncin al'ummai a wannan shekara, aka sa mata sunan Patiris Lumumba a 1961. Sawaba, wadda aka haramta a 1959, ta riƙa tura matasa a ɓoye zuwa ƙasashen gabashin Turai, da yawansu kuma suka tarar da tuhuma ko kurkuku a lokacin da suka nemi komowa. Abdu Mumuni ma ya je Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1960 don nazarin makamashin rana. A 1964 ya buga L'Éducation en Afrique a Pari. A cikinsa ya bayyana tarbiyyar gargajiya, ya tone manufar makarantar mulkin mallaka, ya kuma kafa hujja cewa gyaran ilimi ba zai yiwu ba sai yaro ya soma karatu da harshen da yake tunani da shi. Mutumin da ya kai ƙololuwar karatun Faransanci ne ya faɗi haka, shi ya sa maganar ta yi nauyi. Shekara biyu bayan haka, a 1966, taron UNESCO na Bamako ya daidaita haruffan rubuta Hausa, Zarma, Fulatanci, Barbarci da Tamashek.

Duk da haka yawancin ɗaliban Nijar a Dakar da Abijan da Faransa suke, har abin da ya faru a watan Mayu 1968. Gwamnatin Senegal ta rage kuɗin tallafi, ta kuma mayar da biyansa wata 10 maimakon 12. Ɗalibai suka shiga yajin karatu, ranar 29 ga watan jami'an tsaro suka afka wa jami'ar, sannan aka kwashe ɗalibai baƙi aka mayar da kowa ƙasarsa. Ƙasashen yankin suka ga cewa wanda ya ajiye hatsinsa a rumbun maƙwabci, ranar da aka yi faɗa a gidan da yunwa zai kwana. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. A wannan shekara ta 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke soma karatu da Hausa.

Abdu Mumuni ya komo gida a 1969, bayan shekarun da ya yi yana aiki a Bamako. Ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, har 1985, inda aka ƙera na'urorin ɗuma ruwa da murhun girki masu aiki da hasken rana. Ya riƙe jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Ya rasu ranar 7 ga watan Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. FEANF kuwa gwamnatin Faransa ta rushe ta a 1980.

A 2010 aka kafa jami'o'i a Maradi, Damagaram da Tawa, daga baya aka sa musu sunayen Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, Andire Salifu da Jibo Hamani, malamai uku da kowanensu ya ɗanɗani zaman ɗalibi a ƙasar wani kafin ya komo ya koyar. A 2014 aka ƙara wasu huɗu a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Rabin burin ɗaliban 1950 ke nan ya cika, domin ɗan Tasawa yana iya samun digiri ba tare da ya ga teku ba. Ɗaya rabin, wato yaro ya koyi lissafi da tarihi da harshen gidansu kafin ya ɗauki na waje, yana hannun malaman aji da ƙungiyoyin raya al'adu, waɗanda su ne suka gaji littafin 1964.