Koren Tutar Najeriya da Gyaɗar Ƙasar Gaya

A ƙasar Kano tuta ba baƙuwa ba ce. A zamanin jihadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa ba malamai tuta su koma ƙasashensu da ita, kuma har yau cikin masu zaɓen Sarkin Kano akwai Sarkin Dawaki Mai Tuta. Waccan amana ce da aka danƙa hannu da hannu. Tutar Najeriya da ke kaɗawa yau a makarantun Gafasa da sakatariyoyin Ajingi da Gaya kuwa, gasa ce ta haife ta.

Gab da samun 'yancin kai, gwamnati ta yi shela a jaridu tana neman zanen tuta, zane ya yi ta kwarara da dubbai. A 1959 aka zaɓi na Michael Taiwo Akinkunmi, saurayi ɗan Ibadan da ke karatu a kwalejin fasaha ta Norwood a Landan, aka ba shi fam 100. Zanensa na asali yana da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta. Sun kyauta, domin tutar ta fito ba tambarin wani yanki ko addini, kowane tela zai iya ɗinka ta. Ranar 1 ga Oktoba 1960 aka sauke ta Birtaniya a filin sukuwa na Legas, aka ɗaga wannan.

Fari zaman lafiya ne, kore noma da albarkar ƙasa. A 1960 wannan kore ba fata ba ne kawai, gaskiyar baitulmali ce: gyaɗa da koko da manja da auduga ke ciyar da ƙasa. A wancan lokaci manomin gabashin Kano yakan cire gyaɗarsa da kaka, mata su ɓare, a aza wa jakuna zuwa wurin awo, daga nan buhuna su nufi Kano a jera su dala-dala, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas. Koren da ya cinye kashi biyu cikin uku na tutar, ke nan, gumin irin waɗannan mutane ne.

Sai fari, wato rashin ruwan sama, ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, dalar gyaɗa ta ɓace. Abin da ke ci mini rai shi ne, an bar kore a kan tuta, an janye hannu daga gonar da ta ba shi ma'ana.

Shi ma mai zanen ya daɗe a mance. Sai 2014 aka ba shi lambar girma ta OFR. Ya rasu a 2023 yana da shekara 87.