Tarihin "OK": Wasan 'Yan Jarida da Ya Zagaye Duniya

Jama'a, kalmar nan "OK" da muke latsawa a waya safe da yamma, wadda bakin Bahaushe ya mayar da ita "oke", tana da ranar haihuwa. A ranar 23 ga Maris, 1839 ta fara fitowa a jaridar Boston Morning Post, a birnin Boston na Amurka.

A wancan zamani 'yan bokon Boston suna wani yayi. Sai su ɗauki magana, su gurɓata rubutunta da gangan don raha, sannan su tsinci haruffan farko. Turancin "all correct", wato komai daidai, suka rubuta shi "oll korrect", suka ciro O da K. Tana da 'yan uwa da yawa a lokacin, irin su "O.W.", amma duk sun bi yayin sun tafi.

Siyasa ce ta raya ta. A zaɓen 1840 shugaba Martin Van Buren ya nemi zarcewa. Haifaffen garin Kinderhook ne a jihar New York, shi ya sa ake yi masa laƙabi da "Old Kinderhook". Magoya bayansa suka ga haruffan sun zo musu daidai wa daida, suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Club. 'Yan adawa ba su ƙyale ba. Suka baza jita-jitar cewa ubangidan Van Buren, tsohon shugaba Andrew Jackson, shi ne ya ƙirƙiro haruffan don bai iya rubutu ba. Ƙarya ce, amma ta taimaka wa kalmar fiye da gaskiya, domin kowane ɓangare ya dinga maimaita ta a jaridu. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, ita kuwa OK ta riga ta zauna a bakin mutane.

Daga nan masu buga tangaraho suka karɓe ta. Ma'aikaci yana zaune gaban na'ura, saƙo ya iso daga wata tasha mai nisa, haruffa biyu sun ishe shi ya nuna ya samu. A nan nake ganin ƙarfinta yake: tana amincewa ba tare da yabo ba. Ka ce "oke", ba ka ce abin ya burge ka ba, ka dai yarda a ci gaba. Aikin da "to" ke yi mana ke nan.

An daɗe ana jayayya kan asalinta. Wasu sun ce daga "okeh" ta ƙabilar Choctaw ta fito, har shugaba Woodrow Wilson yakan rubuta ta haka a takardu. Wasu suka danganta ta da "waw kay" ta Wolof, suna cewa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai ta. Wannan bayani yana da daɗin ji a kunnenmu, sai dai hujjar da ke rubuce tana wajen Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia. Shi ya bi tsofaffin jaridu ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga shafin 1839, ya kuma wallafa bincikensa a mujallar American Speech a 1963 da 1964.