Dashen Ƙoda: Yadda Garkuwar Jiki Ke Yanke Hukuncin Rayuwar Sabuwar Ƙoda

Ranar 23 ga Disamba, 1954, likita Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, a birnin Boston na Amurka. Wanda ya bayar da ƙodar da wanda ya karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, don haka jikin majiyyacin bai ɗauke ta baƙuwa ba. Ga sauran mutane kuwa, bayan an kammala tiyata garkuwar jiki ce ke tantance ko ƙodar za ta ɗore.

Yadda jiki ke gane baƙo

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana ɗauke da wasu alamomi da likitoci ke kira HLA, waɗanda ake gada daga uwa da uba. Da su garkuwar jiki ke bambance nata da na waje. Shi ya sa ake gwada rukunin jini da waɗannan alamomi kafin dashe. Tsakanin 'yan'uwa shaƙiƙai, damar dacewarsu gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu.

Matakan rauni

Raunin farko yana faruwa tun a ɗakin tiyata. Ƙodar takan ɗauki lokaci babu jini, kuma idan jinin ya dawo mata sai kumburi ya tashi, ya jawo hankalin garkuwar jiki. Wannan na daga cikin dalilan da ƙodar mai rai ta kan fi ta mamaci daɗewa.

Daga nan jiki na iya ƙin ƙodar ta hanyoyi uku. Na farko yana aukuwa cikin mintuna ko sa'o'i, idan jinin majiyyaci yana da sinadaran kariya da suka samu tun da farko ta dalilin juna biyu, ƙarin jini ko wani dashe. Gwajin da ake yi kafin aiki ya rage shi ƙwarai. Na biyu ya fi zuwa a watannin farko, galibi daga fararen ƙwayoyin jini nau'in T, kuma yakan ji magani idan an gano shi da wuri. Na uku yana tafiya a hankali tsawon shekaru, yana lalata ƙananan hanyoyin jini har ƙodar ta gaza, sau da yawa ba tare da wani ciwo ba.

Magani da haɗarinsa

Magunguna irin su saiklosforin, wanda ya sauya fannin a shekarun 1980, da takrolimus suna danne garkuwar jiki. Idan suka yi kaɗan jiki ya far wa ƙodar, idan suka yi yawa majiyyaci ya zama cikin haɗarin tarin fuka, wasu cututtuka da sankara. Ana shan su kullum muddin ƙodar na aiki, tare da gwajin jini a kai a kai.

Abin da ya shafi Najeriya

An fara dashen ƙoda a Legas a 2000, sannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002. Akasarin majiyyata daga aljihunsu suke biya, kuma gudummawar jama'a takan tsaya ne kan kuɗin tiyata. Tsallake magani na cikin manyan abubuwan da ke jawo asarar ƙodar da aka dasa, majiyyaci ya koma wankin ƙoda. Saboda haka duk tallafin gwamnati ko inshorar lafiya da ta biya tiyata ta bar maganin bayanta, rabin aiki ta yi.