Binciken Gida Kafin Miƙa Jariri: Gurbin Shayarwa Tsakanin Dokar 2003 da Fiƙihun Malikiyya

Tsakure

Maƙalar ta nazarci binciken da jami'an jin daɗin jama'a ke yi wa ma'auratan da ke neman ɗaukar jariri riƙo. Ta nuna cewa binciken na auna dukiya da lafiya, amma ya tsallake shayarwa, wadda ita ce ke yanke matsayin yaro a gidan Bahaushe.

Gabatarwa da Bitar Ayyuka

An sha faɗin cewa Bahaushe Musulmi ba ya karɓar ɗan wani. Wannan magana ba ta da tushe. Littafin Baba of Karo na Mary Smith (1954) cike yake da labarin 'ya'yan riƙo da na tallafi. Abin da Suratul Ahzabi, aya ta 4 da ta 5, ta hana shi ne jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba. Kafala kuwa halal ce, har Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace ta a sashe na 20.

Hanyar Bincike

An kwatanta sharuɗɗan Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 da hukunce-hukuncen shayarwa na mazhabar Malikiyya.

Sakamako

Dokar ta bukaci mai nema ya cika shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, ya sanar da jami'i niyyarsa wata 12 kafin hukuncin kotu, yaron kuma ya yi wata 3 a jere a hannunsa. Jami'i kan duba ɗakin kwana, sana'a da zaman ma'aurata. Duk wannan daidai ne.

Sai dai babu inda aka tambaya: wa zai shayar da shi? A Malikiyya, nonon da ya isa cikin jariri, komai ƙanƙantarsa, na haifar da muharramaka, muddin ana cikin shekara 2 da ɗan abin da ya kusance su, kuma yaron bai wadatu da abinci ba. Idan uwar riƙo ba ta da nono, ƙanwarta na iya shayar da namiji, sai uwar riƙon ta zama innarsa. Idan mace ce, 'yar'uwar maigida ta shayar da ita, ya zama kawunta.

Wannan ƙofa tana da wa'adi. Duk watan da takardu suka kwana a ofis, jariri na matsawa zuwa yaye. In aka makara, yaron da aka goya a baya zai balaga ya tarar uwarsa na yafa mayafi a gabansa, ranar nan zai gane shi baƙo ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka nan gado: ɗan riƙo ba ya gado, amma ana iya yi masa kyauta ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, kuma lokacin binciken gida ya fi dacewa a rubuta ta.

Iyakar Bincike

Nazarin ya tsaya ga nassoshi, kuma dokokin jihohi sun bambanta. Wannan bai taɓa jigon hujjar ba.

Kammalawa

Ya wajaba ma'aikatun mata na jihohi su saka tambayar shayarwa da ta wasiyya cikin takardar binciken gida, su kuma gaggauta miƙa jarirai kafin yaye. Binciken da ya ƙirga ɗakuna ya manta da nono bai kare maraya ba.