Gidan Ɗan Hausa: Inda Boko Ya Kafa Sansani

A unguwar Nassarawa, wajen ganuwar Kano, akwai wani tsohon gidan ƙasa da ake kira Gidan Ɗan Hausa. Baƙi sukan je su kalli rufin azara da bakan gizo da kayan sana'o'in gargajiya da aka adana a ɗakunansa. A ganina, tarihin gidan ya fi kayan da ke cikinsa nauyi, domin a nan aka sauya wa rubutun Hausa alƙibla.

Wanda gidan ya ci sunansa shi ne Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan. Da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar Hausa, daga baya ya koma aikin gwamnatin mulkin mallaka. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno. Ƙwarewarsa a harshe ce ta sa Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa.

A 1909, shekara shida bayan Turawa sun ci Kano, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa. An koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna karatu da lissafi, an kuma buɗe sashen sana'a. Da Hausa ake koyarwa, amma da haruffan Rumawa. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa, waɗanda aka yi ta yi wa gyara har haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka samu shiga a shekarun 1930.

Ribar wannan aiki a fili take: littattafai, jaridu, har da wannan maƙala da nake rubutawa. Sai dai an yi hasara. Kafin zuwan Vischer, malamai sun daɗe suna rubuta waƙoƙi da wasiƙu da ajami. Da gwamnati ta zaɓi boko, ajami ya rasa gurbi a ofis, har aka wayi gari ana kiran wanda ya iya shi kaɗai jahili.

Don haka nake ganin ya dace gidan ya nuna wa ɗalibai rubutun biyu gefe da gefe, tare da bayanin yadda ɗaya ya ture ɗaya. Ginin ƙasa kuwa sai da yaɓe kafin kowace damina. Idan aka yi sakaci da shi, ruwa zai rushe shaidar da babu irinta a Kano.